Takardun Gwamnati: Wa Ke da Ikon Gani, Wa Ke da Ikon Kwafa?

Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda ke yawan tasowa ne a zaman ƙungiyoyin ci gaban gari da kwamitocin makarantun firamare da na asibitocin mazaɓa a ƙauyukan Jigawa, daga ƙasar Haɗejiya har ta Kazaure. Dokoki biyu ne a cikin maganar: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Ana yawan cakuɗa su, wani lokaci ma da gangan. Ta farko ita ke faɗin ko za a ba ka takarda. Ta biyu kuwa sai takardar ta shigo hannunka take da ta cewa, kuma ta cewar tata ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Wanda maganarsa ta doshi kotu, ya nemi lauya ya zauna da shi.

Wai da gaske ne talaka zai iya shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ya ce a nuna masa takardar kwangilar rijiyar burtsatsen garinsu?

Da gaske ne. Sashe na 1 na dokar 2011 ya ba kowane mutum ikon neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, ya kuma ƙara da cewa ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Saboda haka idan aka ce maka "kai a wa?" ko "me za ka yi da ita?", in ka amsa ladabi ka yi, in ka yi shiru doka ba ta kama ka ba. Ba a buƙatar takardar dagaci, ba a buƙatar kansila ya tsaya maka.

An sha wuya kafin a samu dokar. Tun 1993, zamanin soja, ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da wasu ƙungiyoyin kare haƙƙi suka fara rubuta daftarinta. Ta shiga Majalisar Tarayya a 1999, majalisa ta amince da ita dab da saukar Obasanjo a 2007, shi kuma bai sa hannu ba. Sai ranar 28 ga Mayu, 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba mata hannu.

Sashe na 2 ne mutane ba su cika sani ba. Shi ya ɗora wa kowace hukuma ta riƙa bayyana wasu abubuwa da kanta ko ba a tambaya ba: kuɗin da suka shigo da yadda aka kashe su, takardun da suka shafi kwangila, har da sunayen ma'aikata da muƙamansu da albashinsu da ranar da aka ɗauke su. Idan kuna zargin malamai biyar ne a takarda, biyu a aji, abin da kuke nema yana cikin wannan jeri.

An ce mana dokar ta Abuja ce, ba ta hawa kan jiha balle ƙaramar hukuma.

An daɗe ana fakewa da wannan, kuma a da akwai abin kamawa. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Benin ta ce dokar ba ta aiki a jiha sai jihar ta yi tata, ita kuwa ta Akure a cikin 2018 ɗin ta ce tana aiki. Kowa sai ya ɗauki hukuncin da ya yi masa. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar wasu 'yan ƙungiyoyin farar hula da hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar Edo: dokar tana hawa kan dukkan matakan gwamnati. Ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 44 na Kano duk suna ciki.

Ku haɗa wannan da hukuncin da kotun ta yanke a watan Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wanda aka ce kuɗi nasa ne ya riƙe, shi ake tambaya lissafi.

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, amma ni ce shugabar mata a kwamitin asibitinmu. Yaya zan yi?

Baba, dokar ta san da ke. Sashe na 3 ya ce wanda bai iya rubutu ba, ko mai lalurar da ta hana shi, zai iya wakilta wani ya nema masa. Haka kuma za ki iya faɗin buƙatarki da baki, jami'in da ke wurin ya rubuta, ya ba ki kwafi. Wannan kwafin ki adana shi. Idan jami'in ya ce zai rubuta daga baya, ki zauna ki jira ya rubuta yanzu, ko jikanki ya rubuta a nan take.

To yaya ake rubuta takardar?

Babu wani fom na musamman. Wasiƙa ce zuwa ga shugaban hukumar: ciyaman idan ƙaramar hukuma ce, babban sakatare idan ma'aikata ce. Ga kwatanci:

"Bisa sashe na 1 da na 4 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ina neman kwafin waɗannan takardu game da ginin ajujuwa biyu a makarantar firamaren garinmu da ke mazaɓa kaza: takardar bayar da kwangila, takardar ƙiyasin kaya da farashinsu, takardun biyan kuɗin da aka yi wa ɗan kwangila zuwa yau, da takardar shaidar kammala aiki idan akwai. Na yarda in biya kuɗin kwafi. Ga adireshina da lambar wayata."

A nan ne yawancin masu nema suke yin tuntuɓe. Mutum ya cika shafi biyu da ƙorafi, ya ambaci zalunci, ya kira Allah ya isa, amma bai faɗi takardar da yake so ba. Irin wannan wasiƙa ta fi kowace sauƙin jefawa a kwandon shara, domin ba abin da za a ce an hana. Ka nemi takarda da sunanta, ka faɗi shekara, ka faɗi wuri. "Me ya sa ba a gama ginin ba?" tambaya ce da za a amsa da baki a wuce. "A ba ni kwafin takardun biyan kuɗi" kuwa ko dai a bayar ko a hana, kuma hanawar tana da hukunci.

Kafin ka rubuta, je ka karanta allon da aka kafa a bakin aikin. Galibi yana ɗauke da sunan hukumar da ta bayar da kwangilar. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya ana saka su ne a kasafin wata hukumar tarayya, ita za a rubuta wa, ko da ɗan majalisar ne hotonsa ke jikin allon. Ginin firamare sau da yawa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ce a Dutse. Aikin madatsa da magudanan noman rani a kwarin Haɗejiya kuma akwai na Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Idan ka yi kuskuren ƙofa, sashe na 5 ya ba hukumar damar miƙa wasiƙarka ga wadda abin ya fi shafa, ta kuma sanar da kai a rubuce, amma hakan na cin kwanaki.

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata da sa hannu a ɗayan. Tunda aikin ofis da Turanci ake yi, a samu malamin makaranta ya juya ta, a haɗa da ta Hausar.

Nawa ake biya?

Kuɗin kwafi kawai, in ji sashe na 8. Babu kuɗin nemo fayil, babu na goro. Ka karɓi rasit.

Mun kai takarda, an buga mana hatimi, yau wata guda shiru.

Hukuma na da kwana bakwai daga ranar da ta karɓa. Za ta iya ƙara wasu bakwai idan takardun na da yawa ko tana buƙatar tuntuɓar wata hukuma, amma sai ta sanar da ku. Idan za ta hana, dole ta rubuto dalili da sashen dokar da ta dogara da shi. Shiru kuwa doka ta ɗauke shi a matsayin an hana.

Daga ranar da aka hana kuna da kwana 30 ku kai ƙara Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya, kuma kotu na iya ƙara muku lokaci idan kun roƙa. A can hukumar ce za ta kawo hujjar hanawa, ku ba ku da nauyin kawo hujjar nema. Idan aka tabbatar da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce. A 2011 wannan kuɗi ne mai ciwo; yau buhunan taki nawa zai saya? Ba tsoron tara ke motsa hukuma ba yanzu, tsoron surutu ne.

Gaskiyar magana, samun amsa cikin kwana bakwai ba shi ne aka saba gani ba, kuma ƙauye da lauya akwai nisa. Tun kafin kwana 30 ɗin su cika ku rubuta takardar tuni, ku maƙala kwafin ta farko mai hatimi, ku aika kwafi ga ofishin Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya da ke jiharku. Ku nemi reshen ƙungiyar lauyoyi, akan samu masu ɗaukar irin wannan kyauta. Sannan ga shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Mai kira da ya ce "ga ranar da muka kai, ga hatimi" ya fi mai kiran da ya zo da zagi.

Jami'in ya ce rahoton mallakar gwamnati ne, yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, ba zai iya ba mu kwafi ba. Haka ne?

Rabin maganarsa daidai ne, sai dai rabin bai taimake shi ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin wadda ta samo asali daga 1988, ta yarda gwamnati ta mallaki aikin da aka yi ƙarƙashin umarninta ko kulawarta. Rahoton binciken ruwan ƙasa, littafin koyar da malaman gona, taswira, duk suna iya shiga.

Amma abubuwan da hukuma za ta dogara da su ta hana bayani a jere suke a dokar 2011: tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje, binciken da jami'an tsaro ke tsakiyar yi, sirrin mutum na ƙashin kansa, sirrin kasuwancin wani, sirrin lauya da wanda yake karewa ko likita da majiyyaci, tambayoyin jarrabawa, da wasu 'yan kaɗan. Haƙƙin mallakar gwamnati ba ya cikin jerin. Mafi yawansu ma an ɗaure su da sharaɗi: idan amfanin jama'a ya rinjayi illar bayyanawa, a bayyana. Idan kuma wani yanki ne kawai na takarda ya faɗa cikin abin hanawa, sashe na 18 ya ce a cire wannan yanki a ba da saura.

A kasuwar Maigatari ranar Alhamis kowa na da ikon ya buɗe bakin bijimi ya duba haƙora; wannan bai ba shi ikon ya ja igiya ya kai wani layi ya sayar ba. Haƙƙin mallaka maganar jan igiyar ce: buga kwafi da yawa, sayarwa, ɗaukar aikin a ce naka ne. Ku roƙi jami'in cikin girmamawa ya rubuta muku cewa saboda haƙƙin mallaka ya hana, ya ambaci sashe. Da wuya ya rubuta.

Wuri ɗaya yake da gaskiya. Idan abin da kuke nema an riga an buga shi ana sayarwa ga kowa, sashe na 26 ya fitar da shi daga dokar 2011. Sai a je a saya.

Waɗanne takardun gwamnati ne babu haƙƙin mallaka a kansu sam?

Sashe na 3 na dokar 2022 ya lissafa. Rubutun hukuma na doka ko na gudanarwa, tare da fassararsa ta hukuma, ba su da haƙƙin mallaka. Kundin tsarin mulki, dokar da majalisar jiha ta yi, dokar ƙaramar hukuma kan harajin kasuwa, sanarwar umarni daga ma'aikata, kowa ya kwafa, ya raba, ya karanta a lasifika. Haka tsurar bayani da alƙaluma: cewa an ware naira kaza don aiki kaza ba mallakar kowa ba ne. Haka dabara ko hanyar yin abu. Malamin gona ba zai ce tazarar shukar da ya koya maka tasa ce ba. Tuta da tambarin ƙasa da zanen takardar kuɗi su ma an fitar da su, amma kada wani ya fahimci an halatta masa buga naira, wasu dokokin ne ke tsaronsu.

Togaciya ɗaya: wanda ya tattara dokoki ya tsara su cikin littafi, tsarin nasa yana da kariya, ko da dokokin da ke ciki na kowa ne.

Sauran ayyukan gwamnati kuwa kariyarsu shekara 50 ce daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su. Na marubuci mai zaman kansa ya fi tsawo, shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Ƙasashe sun bambanta a nan. A Amurka abin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya rubuta a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka ko kaɗan. Birtaniya ta riƙe nata, amma tun 2010 ta fitar da lasisin bai-ɗaya da ya ba kowa izinin amfani da mafi yawan takardunta in dai zai faɗi inda ya samo. A ganina Nijeriya irin wannan lasisi take buƙata, don abin da aka yi da kuɗin jama'a bai kamata jama'a su riƙa ɗari-ɗari da shi ba.

Mun samu takardun. Za mu iya saka su a WhatsApp, mu liƙa a ƙofar fada, ko a karanta a rediyo?

Alƙaluman da bayanan ku yaɗa yadda kuka so. Takardar bayar da kwangila da ta biyan kuɗi takardun gudanarwa ne na yau da kullum, ba inda saka hotonsu a zauren WhatsApp na gari zai karya kasuwar wani. Ga abin da ke da kariya kuma, kamar rahoton ƙwararru mai shafi ɗari, sashe na 20 na dokar 2022 ya halatta amfani na adalci: karatun kai, binciken da ba na kasuwanci ba, sharhi, suka, da bayar da labarin abin da ke faruwa, tare da ambaton sunan aikin da mai shi. Kotu kan duba manufar amfanin, irin aikin, yawan abin da aka ɗiba, da ko ya cutar da kasuwarsa. Ciro shafi uku don nuna cewa rahoto ya ce rijiya mita kaza za a haƙa, wannan sharhi ne. Buga rahoton gaba ɗaya ana sayarwa a tasha, wannan wani abu ne daban.

Haɗarin da ya fi kusa da ku ba ya wajen haƙƙin mallaka. Yana wajen abin da kuka rubuta a ƙasan hoton. "Takarda ta ce an biya kashi 80, ga hoton ginin bai kai linta ba" magana ce da takarda ke tsaya mata. "Wane ɓarawo ne" kuwa ƙarar ɓata suna ce ke jiran ku. Ku rufe lambar asusun banki da lambar wayar mutane kafin ku tura, domin akwai dokar kare bayanan mutum ta 2023.

Ina so in fassara wata doka da wani rahoto zuwa Hausa, in kuma naɗa da murya saboda waɗanda ba sa karatu.

Malam, dokar ka fassara, ba ka buƙatar izinin kowa, kuma fassarar taka ce. Ka dai rubuta a sama cewa ba ta hukuma ba ce. Rahoton kuwa fassara shi sukutum na cikin abubuwan da mai haƙƙi ke da ikon ba da izini a kai. Ka rubuta wa hukumar ka nema, ko ka zauna ka bayyana abin da ya ƙunsa da kalmominka, kana faɗin inda ka samo. Na biyun ya fi sauƙi, ya kuma fi shiga kunne.

Mun nemi zanen ginin asibiti, an ce na injiniya ne.

Sashe na 19 na dokar 2011 ya ba da damar hana zanen ginin da ba a yi da kuɗin gwamnati ba. Wanda aka yi da kuɗin gwamnati sai idan bayyanawa za ta taɓa tsaro. Gidan yari ko barikin soja, to. Asibitin sha-ka-tafi mai ɗaki huɗu da kowa ke shiga da fita, wane tsaro? Injiniya na iya riƙe haƙƙin zanensa, ma'ana ba za ku ɗauka ku gina wani da shi ba. Ƙirga tagogi da auna faɗin ɗaki ku gwada da abin da ke ƙasa bai taɓa haƙƙinsa ba.

Ɗan kwangilar fa? Ya ce shi kamfani ne mai zaman kansa.

Dokar ta lissafa kamfanin da ke amfani da kuɗin gwamnati ko yake yin aikin jama'a cikin waɗanda take hawa kansu. Duk da haka ku fara da hukumar da ta ba shi aikin, duk takardun suna can.

Bayan ambaliya an raba tallafi, an kuma raba taki. Muna son jerin sunayen waɗanda suka samu.

Wannan ita ce mai sarƙaƙiya. Sashe na 14 na dokar 2011 ya kare bayanan mutanen da ke karɓar taimakon jin ƙai ko na lafiya ko na kuɗi daga hukuma, kuma akwai hikima a ciki: ba kowace bazawara ke son a karanta sunanta a dandali ba. Amma sashen ya ce idan amfanin jama'a ya fi kare sirrin nauyi, a bayar. Inda ake zargin sunayen bogi, hujjar amfanin jama'a tana da ƙarfi, sai dai a shirya jayayya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku fara da abin da ba za a iya hanawa ba. Buhu nawa aka kawo ƙaramar hukuma? Nawa aka ba kowace mazaɓa? Wane jami'i ya sa hannu ya karɓa? Da wace ƙa'ida aka zaɓi masu samu? Idan takarda ta ce mazaɓarku buhu 300, mutanen gari sun san abin da suka gani an sauke.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne. Fayil ɗin an buga masa tambarin sirri. Idan na bayar ba zan rasa aikina ba?

Tsoronka yana da tushe: an rantsar da ma'aikata a kan Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, aka kuma raine su a kai. Amma sashe na 28 na dokar 2011 ya ce tambarin sirri shi kaɗai bai hana a bayar ba. Sai an duba ko abin da ke ciki ya faɗa cikin jerin abin hanawa. Sashe na 27 kuma ya kare jami'in da ya bayar da bayani da kyakkyawar niyya daga ƙara ko tuhuma, har da wanda ya fallasa almundahana. Kariyar takarda ba ta hana a yi maka canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta zuwa, wannan kowa ya sani, saboda haka ka bi ta hannun shugabanka a rubuce. Abin da za ka guda shi ne a sa ka ɓatar da fayil ko ka sauya alƙalami a ciki. Wannan laifi ne na ɗaurin aƙalla shekara ɗaya, kuma wanda hannunsa ya taɓa shi ake kamawa.

Rigimar burtali da iyakar gona ta taso. Ina za mu samu tsohuwar taswira?

Ku fara da sashen filaye na ƙaramar hukuma da ma'aikatar filaye ta jiha. Ku tuna Jigawa sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire ta daga Kano, don haka tsofaffin takardu na iya kasancewa a Kano. Na zamanin Turawa, irin rahotannin ƙidayar haraji na gundumomi, ana neman su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Idan kotu za ku kai, ku nemi kwafin da hukuma ta buga wa hatimin tabbatarwa. Hoton waya bai wadatar ba. Taswirar gwamnati da aka fitar fiye da shekara 50 kariyarta ta ƙare, kuma amfani da takarda a gaban shari'a dama doka ta halatta shi.

Ina da shagon fotokwafi kusa da sakandare. Me ya halatta, me ya haramta?

Takardun doka, fom, sanarwa, takardar da mutum ya samo daga hukuma, ka buga ba fargaba. Ɗalibi ya kawo littafi ya ce a ciro masa 'yan shafuka don karatunsa, wannan na da mafaka. Amma ka kwafe littafi daga bango zuwa bango, ka ɗinke, ka jera a kanta, wannan satar fasaha ce, kuma tarar na farawa daga naira 10,000 a kan kowane kwafi, ko ɗauri, ko duka biyu. Littafin da gwamnati ta raba kyauta ma yana da mai shi, sau da yawa kamfanin ɗab'i ne. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ke kamen, shari'ar kuma ta Babbar Kotun Tarayya ce. Wannan ya shafi maƙwabcinka mai turin fina-finai a waya.

Allah gafarta Malam ya ce ilimi ba a mallakarsa, ɓoye shi ma zunubi ne.

Malamai sun tattauna wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a ci su ba. Ilimin da ke cikin littafi kuwa dokar ƙasa ma ba ta ba kowa shi ba: ka karanta, ka koyar, ka yi wa'azi da shi. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, na kowa ne. Fassara ko sharhin da wani malami ya yi musu a zamanin nan nasa ne. In kuwa ana neman inda maganar ɓoye ilimi ta fi dacewa, a duba wanda aka ba amanar dukiyar jama'a ya kulle lissafinta a durowa.

Anya wannan ba aikin 'yan birni masu ƙungiyoyi da kwamfuta ba ne?

Dokar samun bayanai ta Indiya, wadda ake yawan misali da ita, daga ƙauye ta taso. A jihar Rajasthan a shekarun 1990, leburori da ƙananan manoma ne ake yi wa ƙwange a ladan aikin da gwamnati ke bayarwa lokacin fari. Ƙungiyarsu, MKSS, ta matsa sai an fito da rajistar leburori da rasit-rasit, aka riƙa tara gari ana karantawa da ƙarfi. Sai ga sunan wanda ya daɗe a kabari wai ya yi aiki ya karɓi lada, ga ginin da aka biya kuɗinsa ba a taɓa aza tubalinsa ba. Takensu shi ne kuɗinmu, lissafinmu. Daga nan aka kai ga dokar ƙasa a 2005. Ɗan birni zai iya karɓo takarda, amma bai san wa ya mutu ba, bai san rijiyar da ta ƙafe wata biyu bayan an buɗe ta ba.

Ƙungiyarmu ba ta da rajista. Sunan wa za mu sa a takardar?

Dokar 2011 ta yarda mutum ɗaya ya nema, ta yarda jama'a su nema a ƙungiyance. Matsalar sai an zo kotu, inda ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta iya shigar da ƙara da sunanta. Ku sa sunayen mutum biyu ko uku daga cikinku, su sa hannu a matsayin kansu. Ku zaɓi waɗanda ba sa karɓar albashi daga hukumar da ake tambaya, ba sa kuma neman takara, kuma a samu aƙalla ɗaya da ba ya tafiya cirani, domin amsa na iya zuwa da rani.